Ƙofofin tik na masallacin unguwarmu: littafin aiki

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau bayan la'asar kwamitin masallacin unguwarmu ya damƙa mini aikin da muka fi wata guda muna tattaunawa a kai: ƙofofi uku da tagogi takwas, duka na katako. Daminar bana ta girgiza Damagaram. Tun da tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a farkon Satumba, kowace unguwa ta koma tana duba nata ginin da kyau. Namu bai faɗi ba, alhamdu lillahi, amma da aka tono gindin ƙofar kudu sai aka tarar gara ta cinye firam ɗin daga ciki, fenti kaɗai ta bari tsaye. Na danna da yatsa, ya rufta kamar ɓawon gyaɗa.

Wasu sun ce a yi na ƙarfe a huta, kuma suna da hujja, don ya fi araha. Sai dai duk wanda ya taɓa kama ƙofar ƙarfe da azahar a watan Afrilu ya san abin da ake gudu. Alhajin da ya ɗauki rabin kuɗin aikin ya ce shi katakon tik yake so, wanda mutanen Benin da Togo ke ce wa tek, domin ya ji gara ba ta cinsa. Shekarata ashirin da wani abu ina kafinta, amma samba da jan katako na fi sani. Tik sau biyu kacal ya ratsa hannuna. Shi ya sa zan riƙa rubuta abin da na gani, don kuɗin jama'a ne, kuma ɗakin Allah ne.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na dawo daga Kano daren jiya. Hanyar Benin a rufe take tun bara, saboda haka katakon kudu sai ta Najeriya. Kwana biyu na yi a ƴan katako na Na'ibawa.

Tik iri biyu na tarar wajen dillali ɗaya. Na farko dogaye ne, miƙaƙƙu, masu haske, fuskarsu tas. Ya ce daga ƙasar Yarabawa suka fito, can cikin kurmi. Na biyu gajeru ne, duhu-duhu, wasu da ɗan karkace, ƙura ta rufe su a bayan rumfa. Ya ce waɗannan daga kudancin Kaduna ne, wajajen Nimbiya, tsohuwar shuka ce aka sare. Na tambaye shi wanne ya fi. Ya ce, "Maigida, duka sunansu tik, amma ba uwa ɗaya ta raine su ba. Ka ɗauki wannan ka ɗauki wancan, hannunka zai faɗa maka." Ban ji daɗin amsar ba a lokacin, so nake a ce mini ga shi kawai. Duk da haka na bi shawararsa: kashi biyu cikin uku na kurmi, sauran na Kaduna. A littafin nan zan riƙa ce musu na kurmi da na tudu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kaya sun iso ranar Talata. Yau na yanke bakin kowane katako da zarto, na goge da samfefa, na shafa ruwa da yatsa don zanen ciki ya fito. Ƙamshin da ya tashi kamar na sabuwar fata ne a rumfar dukawa. Yaran shago duk sun taru suna shinshinawa.

Ɗan ƙanwata, wanda ya yi karatun noma da gandun daji a jami'ar Yamai, ya zo ya zauna tare da ni har magariba. Shi ya nuna mini yadda ake karanta bakin katakon. Tik bishiya ce mai zubar da ganye da rani. Idan ruwan farko ya sauka, sai ta farka ta yi wani layi mai manyan ƙofofi ƙanana-ƙanana da ido ke iya gani, kamar an tsattsaga da allura, daga nan naman ya riƙa tsukewa har ƙarshen damina. Wata shekara kuma a sake. Saboda haka kowane zobe shekara ɗaya ce, in dai wurin yana da rani da damina a rarrabe.

Muka ƙirga a kan waɗanda cibiyarsu ke ciki. Na kurmi zobe goma sha huɗu ne zuwa sha bakwai, wasu zobban faɗinsu ya kai ɗan yatsana. Na tudu sai da muka ɗauko gilashin karatu, muka wuce arba'in a guda biyu, zobban na waje a matse kamar shafukan littafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farin gefe. A na kurmi, tsakanin ɓawo da jan ciki akwai farin nama mai faɗin yatsu biyu, wani wurin uku. A na tudu bai fi faɗin farce biyu ba. Wato a katakon da na saya da sunan tik, wani babban kaso ba abin da Alhaji ke nufi ba ne.

Ya ce mini, "Kawu, sunan da tik ya yi a duniya na tsohon daji ne, ba na gona ba." Asalin bishiyar Indiya ce da Bama da Tailan da Lawos. A dazuzzukan can takan haura shekara ɗari kafin a kayar da ita, da irinta aka gina jiragen ruwa da fadoji. Turawan Ingila sun fara shuka ta gona-gona a Nilambur, cikin jihar Kerala ta Indiya, tun wajen 1840 da ƴan kai. A farkon ƙarni na 20 ta shigo Afirka ta Yamma, Ingilishi suka kai ta kudancin Najeriya, Jamusawa suka kai ta Togo. Tsohon dajin ya ja baya ƙwarai, har ƙasar Bama ta hana fitar da gungume ɗanye a 2014. Abin da ke yawo a kasuwa yanzu galibi na gona ne, kuma mai gona ba ya iya jiran shekara sittin. Yana da iyali, ga kuma ƴan kasuwar Indiya a tashoshin Kwatano da Lome da Tema da kuɗi a hannu.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Hunturu ya fara leƙowa. Katakon ya zo da danshin kudu a jikinsa, iskarmu kuma ba ta da sassauci. Na jera su a inuwa bayan shago, bisa bulo, na sa ƴan sanduna tsakanin kowane layi, na ɗora duwatsu a sama, na kare gefen gabas da zana don kada iska ta buge su kai tsaye.

Duk da haka na makara da kwana uku. Guda biyar cikin na kurmi sun tsage daga baki, ɗaya tsagewar ta yi kusan kamu biyu. Dukansu masu cibiya a ciki ne. Na tudu guda ɗaya ne ya buɗe, shi ma kaɗan. Na yanke wuraren, na shafe bakin kowane katako da ragowar fentin mai, abin da ya kamata in yi tun ranar da aka sauke su. Asarar nan tawa ce, na faɗa wa ma'ajin kwamiti ba za ta shiga lissafinsu ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Abin da ya faru yau ya rushe mini wani tunani da na daɗe da shi.

Tun ina yaron shago aka koya mini cewa itacen da ya yi saurin girma fanko ne. Kowa ya ga yadda zogale yake, ya ga yadda ƙirya take. Saboda haka na sa a raina na kurmi zai fi na tudu sauƙi nesa ba kusa ba. Na yanka guntaye daidai wa daida, tsawo santimita 30, kauri biyar-biyar, daga jan ciki zalla, huɗu daga kowane kashi, na bar su mako uku a rana da iska. Yau na kai su sikelin wani mai kanti maƙwabcina. Na kurmi sun tsaya wajen giram 470, na tudu wajen 500. Guntun samba da na haɗa don kwatance bai kai 300 ba. Na sake aunawa, haka dai.

Na kira ɗan ƙanwata a waya na faɗa masa. Bai yi mamaki ba. Ya ce busasshen tik nauyinsa yakan kai kilo 650 a kowace mita kubik, wato tsawo da faɗi da kauri mita ɗaya-ɗaya, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, kuma guntayena suna cikin wannan iyaka. Ya ce masu bincike a cibiyar gandun daji ta Kerala, cikinsu har da wani masani K. M. Bhat, sun daɗe da nuna cewa saurin girma shi kaɗai ba ya rage wa tik nauyi ko ƙarfi sosai. Dalilin yana cikin zoben nan da muka gani. Layin manyan ƙofofi siriri ne ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Idan bishiya ta samu ruwa da ƙasa mai kyau, abin da ke ƙaruwa shi ne tsukakken naman da ke biye. Har ma wanda ya sha wuya ƙwarai, zobbansa suka matse fiye da kima, yakan zama ƙofofi sun yi masa yawa.

To me ya sa na kurmi ya tsage? Ya ce ƙuruciya ce. Naman da bishiya ke yi a shekarunta na farko, kusa da cibiya, zarensa gajere ne, bai daidaita ba, yana motsi idan ya bushe. A tik sai an kai shekara 15 zuwa 25 kafin ta fara yin naman manya. Nawa kuwa an sare shi yana sha biyar, wato kusan dukansa naman ƙuruciya ne. Ba laifin ruwan kurmi ba ne, gatari ne ya yi gaggawa.

Da yamma na je gaida tsohon maigidana a Zango, wanda ya koya mini riƙon zarto. Idonsa ya yi rauni amma hannunsa na nan. Na miƙa masa guntu biyu ban ce komai ba. Ya jinjina su, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci. Ya ɗaga na tudu ya ce, "Wannan ya fi mai." Na ce, "Baba, ai nauyinsu kusan ɗaya ne." Ya ce, "Gara ba ta da sikeli, ɗana. Ɗanɗanawa take yi."

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Maganar Baba ta hana ni sakat, don haka na kai ƙara wajen garar da kanta. A bayan shagonmu akwai wani lungu gindin katanga inda ko kwali aka ajiye ba ya kwana bakwai. Na fere turaku masu tsawon kamu ɗaya, na binne rabinsu a ƙasa: farin gefen na kurmi biyu, jan cikinsa na kusa da cibiya biyu, jan cikinsa na waje biyu, haka ma na tudu, sai samba biyu da dogon yaro biyu. Kowane na buga masa lamba da ƙusa. Ƙaramin yaron shago zai riƙa zuba musu ruwan wanke hannu kowace safiya don ƙasar ta yi laushi.

Man da Baba ke nufi gaskiya ne, ana jinsa a hannu kamar an shafa kakin zuma. Lokacin da farin nama ke mutuwa yana komawa jan ciki, bishiyar na zuba masa wasu sinadarai, ɗaya daga ciki ana ce masa tektokinon, su ne gara da ruɓa ke gudu. Farin gefe ba shi da su, abinci ne ma a cikinsa. Yawan sinadaran kuma yana ƙaruwa da shekaru, shi ya sa jan cikin da ke can waje, wanda bishiya ta yi da girmanta, ya fi na tsakiya tsaro. Binciken Kerala ɗin nan ya kuma nuna tik ɗin wuri mai ƙarancin ruwa yakan fi duhu da yawan wannan mai, na wuri mai yawan danshi ya fi haske kuma ruɓa ta fi samun sa. Wannan ji ne. Nan da wata uku zan tono in gani.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mun fara tsagawa da gogewa. Wuƙar injin da kan yi mini mako biyu a kan samba, kwana uku ta yi ta dakushe. Akwai wani abu kamar yashi mai laushi a cikin naman tik, daga ƙasa yake shan sa, shi ke cin bakin wuƙar. Dusarsa kuma ta sa wa yaro ɗaya ƙaiƙayi a wuya da hannu. Na saya musu takunkumi, na ce kowa ya sa riga mai dogon hannu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau ban ji daɗi ba. Katakon tudu mafi faɗi, wanda na ware tun ranar farko don ƙasan babbar ƙofa, na sa shi a inji, sai wuƙa ta buɗe wani rami a cikinsa. Baƙi ne, tsawonsa ya fi tafin hannu biyu, cike da gari mai kama da garin kuka. Daga waje ba alama ko kaɗan. Da na bi zobban, sai na ga tabo baƙi a wuri uku, ɗaya bayan ɗaya, kowane bishiyar ta yi ƙoƙari ta rufe shi da sabon nama. Gobarar daji ce. A ƙasar da ciyawa ke bushewa da rani, wuta na ratsa gonakin itace kusan kowace shekara, ga kuma faffaɗan ganyen tik da ya zube ya zama makamashi. Babbar bishiya ba ta mutuwa, amma gindinta na ƙonewa, ruɓa ta samu ƙofa. Ranin da ya ba shi mai da duhu, shi ya kawo masa wuta. Na so in ɗauka na tudu ba shi da aibi, yau na sauka daga kan wannan.

Na ɗauki sauran yinin ina juya katakan ɗaya bayan ɗaya, ina duba idanun rassa. Nan ma labarin raino ne. Wasu na kurmi suna da tsawon mita biyu ba ido ko ɗaya, alamar an shuka su kusa da juna, sun yi tseren neman rana, rassan ƙasa suka mutu tun suna ƙanana, ko kuma mai gona ya bi su da wuƙa. Wasu kuma daga kashi ɗaya idanu ne baƙaƙe masu girgiɗi, da na tura ɗaya da cizal sai ya faɗo ya bar rami. Wannan reshe ne da ya bushe a jiki ba a cire shi ba, nama ya lulluɓe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ashe har a cikin katako ana ganin wanda aka kula da shi da wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗan ƙanwata ya ƙara mini da cewa gonar da ba a rage mata bishiyoyi a kan lokaci ba, sanduna take bayarwa dogaye sirara, jan cikinsu kaɗan. Ƙasa ma da nata: tik na son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya, ba ya son fadama mai riƙe ruwa, ba ya son marmara kusa da sama. A irin waɗannan wurare yakan tsumbure, ya yi fure da wuri, kan ya rabu biyu, gungumen ya gajarta.

Bayan isha'i na sami kwamiti na shimfiɗa musu gaskiya. Idan na cire farin gefe, na cire cibiya, na cire idanu da ramin wuta, abin da ya rage ba zai kai ƙofa uku da taga takwas ba. Alhaji ya ce, "Malam, farin nan in aka shafa masa launi wa zai gane?" Ba da mugun nufi ya faɗa ba, tausayin aljihun jama'a yake yi. Na ce, "Alhaji, mutane ba za su gane ba, amma ranar da aka sake tono gindin ƙofar nan sunana za a kira." Liman ya ce a yi abin da katakon ya isa yi da kyau, saura a jira Allah ya hore. Aka tsaya a kan ƙofa uku da taga huɗu a yanzu.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, aiki daga safe ne zuwa azahar. Ana haɗa ƙyauren farko. Saboda man jikinsa gam ba ya kama shi da kyau sai an goge wurin da tsumma da ɗan sinadarin tsarma fenti, a shafa nan take. Ban dogara da gam ba ma, haƙori da rami na yi wa kowace mahaɗa, na soke da turakun tik. Kafin kowace ƙusa sai an huda, in ba haka ba ya tsage.

Yanzu katako ya bushe iyakar bushewa, ba lokacin da zai fi haka tsukewa a shekara. Duk abin da na haɗa yau zai kumbura a Agusta. An san tik da ƙarancin motsi, yana cikin abin da ya sa ake son sa a jirgin ruwa, amma tazarar da ke tsakanin Maris da Agusta a Damagaram ba ƙarama ba ce. Na bar wa kowane allon tsakiya sarari a cikin kwarminsa, ban sa masa gam ba, ya samu wurin numfashi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na tono turakun, wata uku cif. Na shimfiɗa su a kan buhu, na wanke da buroshi.

Samba babu shi, sai kan da ke sama da ƙusar lamba. Farin gefen tik, na kurmi da na tudu duka, gara ta shiga ta yi hanyoyi, ɗaya ya karye a hannuna. Wannan ya isa amsa ga maganar shafa launi, kuma na kai wa Alhaji har gida ya gani da idonsa. Ya juya shi ya ce, "Gani ya kori ji." Jan cikin na kurmi na kusa da cibiya an ɗanɗana shi, akwai ƴan ramuka marasa zurfi kamar an yi ƙoƙari an fasa. Na wajensa ƙasa kawai ta manne masa. Na tudu duka biyun, ciki da waje, na kankare da farce ban ga komai ba. Dogon yaro ya ba ni mamaki, jan cikinsa ya tsaya fiye da yadda na zata, an taɓa shi kaɗan ne.

Turaku goma sha shida a lungu ɗaya ba su isa a yanke wa dazuzzuka hukunci ba, kuma wata uku ba komai ba ne a rayuwar ƙofa. Amma sun isa su gyara mini tsarin yanka. Duk abin da zai taɓa ƙasa ko ya shiga bango, wato firam da dokin ƙofa, daga na tudu zai fito. Allunan tsakiya da na sama, inda iska ke kaɗawa, na kurmi ya wadatar, kuma faɗinsa da tsabtar fuskarsa sun fi dacewa da wurin. Na mayar da turakun da suka tsira cikin ramukansu, damina ce babbar jarrabawa.

Asabar, 17 ga Mayu

An kafa ƙofar kudu jiya da hantsi, aka yi sallar Juma'a da ita. Magini ya ɗora ƙafafun firam a kan dutse, ba su taɓa ƙasa ba. Ban yi mata fenti ba, mai kawai na shafa sau biyu. Lokacin da aka goge katakon launinsa ya fito ɗan kore-kore da dabbare-dabbare, har wani dattijo ya tambaya ko ɗanye ne. Mako biyu da na jingine shi a rana ya koma ruwan zuma. Firam ya fi alluna duhu, ana ganin bambancin daga nesa, kuma ni ya yi mini kyau a haka.

Bayan sallah wani matashi mai lambu a Mirya ya tsayar da ni, ya ce tunda itacen na da daraja haka, me zai hana mu shuka abinmu. Na ji daɗin tambayar. Sai dai tik na son ruwan sama daga milimita 1,200 zuwa sama a shekara, tare da rani na wata uku zuwa biyar. Mu a nan abin da muke samu wajen kashi ɗaya cikin uku ne na wannan, raninmu kuma wata takwas ne. A gindin rijiya, da ban ruwa, ƙila ƴan ƙwaya su rayu su yi inuwa. Amma garin da mata ke bin layin famfo tun asuba ba zai shayar da gonar katako shekara talatin ba. Na ce masa ya dubi abin da ƙasarmu ta riga ta yarda da shi. Manoman Matamaye da Magarya sun mayar da gawo cikin gonakinsu ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa suna yi masa aski, ba wanda ya kawo musu iri daga waje. Maɗaci na yi a inda ruwa ke kusa. Dogon yaro kuwa, shi ma daga Indiya ya zo kamar tik, ya zama ɗan gari, kuma turakuna sun nuna jan cikinsa ba abin rainawa ba ne. Matsalarsa ita ce ba mai rainonsa don katako: ana sassare kansa kowace shekara, ya yi gajeren gindi mai rassa. Da za a samu mai shuka shi kusa-kusa, ya riƙa cire rassan ƙasa, ya haƙura shekara ashirin, ina so in ga abin da zai fito. Ya ce zai gwada layi biyu a gefen lambunsa da damina.

Asabar, 21 ga Yuni

Ƙofar arewa da ta yamma sun hau bayan Babbar Sallah. Tagogi biyu sun shiga, biyu na kan teburi.

Asabar, 19 ga Yuli

Ruwa ya zauna. Kowace asuba nakan riga mutane zuwa in buɗe in rufe kowace ƙofa sau uku ina saurare. Ta kudu da ta arewa lafiya lau, allunan sun cika kwarminsu, sararin da na bari a Maris ya rufe kusan duka. Ta yamma ta fara gogar dokin ƙofa kaɗan, na sauke ta na rage mata kaurin farce.

Taga ɗaya ce ta ba ni kunya. Ƙyaurenta na hagu ya murɗe, saman ya fita da kusan yatsa guda, sakata ba ta shiga. Na duba bakin katakon: na kurmi ne, zobbansa sun lanƙwashe sosai, wato daga dab da cibiya na yanko shi. Na tuna ranar, katako ya ƙare mini, na ce wannan zai yi. Na cire shi na kawo shago, an toshe wurin da langa-langa kafin in samu madadinsa.

Asabar, 9 ga Agusta

Jama'a sun haɗa kuɗin sauran tagogi huɗu, har da na canjin ƙyauren da ya murɗe, ko da yake na ce wannan ni zan biya. Na kira dillalin nan na Kano. Wannan karon ban ce masa a aiko mini da tik ba. Na ce ya ɗauki hoton bakin kowane katako a jiƙe ya turo mini ta WhatsApp, in ƙirga zobe da kaina. Kada ya gaza ashirin da biyar, farin gefe kada ya wuce yatsa ɗaya, ba cibiya a ciki, kuma ya ƙwanƙwasa gindin kowane ya saurara ko akwai rami. Ya ce irin wannan sai an nema, kuma kuɗinsa ya fi. Na ce ya nema, muna jira, amma ya iso kafin ƙarshen Oktoba don ya bushe a hankali kafin hunturu ya yi ƙarfi.

Turakun bayan shago suna nan cikin laka, gara ta yi gini ta rufe biyu daga ciki har sama. Ban taɓa su ba. Ranar da zan tono su ita ce 11 ga Oktoba, in Allah ya kai mu.